Sandar Kanya ta Walter

A da, labarin 'yan dabon Amirka ta gidan waya yake iso mini. Ƙungiyarmu ta ƙasa tana da mujalla mai fitowa wata-wata, shafinta na ƙarshe kuma na waɗanda suka mutu ne. Sai an yi makonni da binne mutum sannan ka gan shi a can, da hotonsa na ƙuruciya, ya ɗaga hula. Yanzu kuwa kafin a kai mutum makwancinsa labari ya zagaye jihohi ta kwamfuta. Ni dai mutuwar abokina Walter matarsa Doris ce ta faɗa mini a waya. Ta ce za a karya sandarsa a taron ƙungiya a Greensboro, kuma ya bar wasiyya ni zan karya.

Al'adar masu rufa-ido ce a ƙasar nan. In ɗayansu ya mutu, sai a taru a karya 'yar sandar da yake wasa da ita, alamar wasansa ya ƙare. Dabon da nake nufi na saurin hannu ne, irin wanda na koya ina saurayi a kasuwar Damagaram, babu tsafi a ciki.

Muna idar da sallar asuba muka bar Bronx, ni da wani abokina mutumin Maraɗi mai tuƙa tasi. Har muka wuce Delaware hannunsa bai huta da miƙa kuɗin hanya ba. Na ce masa ko jandarmomin hanyar Kwatano sun fi masu karɓar kuɗin nan imani, su aƙalla ana yin ciniki da su. Shi ma bai bar ni ba.

"Alhaji, tsofai-tsofai da kai, a ce awa goma za mu yi don karya itace? Kawo in karya maka a nan mu juya."

Na yi dariya, amma akwai abin da ke damuna. Sandar nan ni na ba Walter, lokacin da nake zaune a Greensboro ina aiki a masaƙa. Wani masassaƙin garinmu ya fere ta daga zuciyar kanya, baduku ya naɗa mata jar fata a tsakiya. Wanda ya san kanya ya san ba ta karyewa a gwiwa, ballantana a hannun tsohon da sanyin ƙashi ya kama. Tsorona in tsaya gaban matarsa da manyan sana'a in kasa cika wasiyyar.

A Virginia mai ya yi sauƙi, muka cika tanki, muka ci wani fate-faten masara fari da suke ci da man shanu, kamar talgen da aka mance da yaji. Daga nan sai dogayen itatuwa da jar ƙasa irin ta kudancin Burkina. Turancin mutanen ma ya canja, suna jan magana kamar yadda 'yan Marseille suke jan Faransanci.

Da la'asar muka sauka a unguwar Glenwood ta Greensboro, gidan wani ɗan garinmu kafinta da ke aiki a kamfanin kujeru. Ƙananan gidajen suna nan yadda na bar su, sai dai ɗalibai masu kekuna sun ƙaru. Maiɗakinsa ta yi mana dambu da zogale, 'ya'yansa ina gaishe su da Hausa suna amsa mini da Turanci.

Washegari na bi ta Elm Street don ganin shagon kayan dabon da na fara haɗuwa da Walter. Ya zama gidan shan kofi. A bayan shagon nan muke zama ranar Asabar, kowa ya nuna sabon wasan da ya koya, sauran su yi ta neman inda hannu ya yi kuskure. Ni kullum Walter nake fara nuna wa, domin ba ya yabo don kunya. Tun da na koma New York ma duk shekara nakan zo da abin da na ƙulla in gwada a gabansa.

Taron a wani otal aka yi. Na ga fuskokin da na sani daga Ohio da Texas, duk sun yi furfura. Muhawarar da ta ɗauki safiyar nan ita ce ta matasan da ke saka asirin wasanni a intanet: wasu a kore su, wasu a bar su, ai su ne masu cika kujeru yanzu. Aka kuma sanar cewa mujalla za ta daina fitowa a takarda. Wani tsoho kusa da ni ya ce to shi wa zai ga hotonsa ke nan?

Shugaban taro ya ja ni gefe ya nuna mini wata sanda ta banza da aka riga aka tsaga, irin wadda aka saba amfani da ita. Ya ce in karya wannan, babu wanda zai lura. Doris tana jin mu. Ta buɗe jakarta ta ɗora mini ta gaskiyar a hannu.

"Wannan ya ce, Mista Isa. Ba wata ba."

Lokacin hutun rana na koma Glenwood da ita. Kafinta ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Baba, wannan ko mota ta taka ta sai dai taya ya ji jiki." Na zame fatar a hankali, na karɓi ƙaramin zartonsa. Ya so ya yi mini, na hana shi. Wurin da yatsun Walter suka saba riƙewa ya yi sulɓi, har ya ɗan lotsa. Na daɗe ina yanka, ina tsayawa ina goge tabarau. Da na wuce rabi na mayar da fatar, ta rufe tsaf.

Da yamma aka kira sunan Walter, mutane suka miƙe. Na ɗaga sandar, na ce ga ta, itacen ƙasarmu ce, ta yi wa mai ita aiki shekara da shekaru. Na danna. Ta ba da ƙara ƙas, har na bayan zaure suka ji, ta rabu biyu. Babu wanda ya tafa, haka al'adar take.

Amma raina bai kwanta ba, domin na yi wa matar mutum rufa-ido a ranar makokinta. Da aka watse na same ta na faɗa mata abin da na yi. Sai ta yi dariya, hawaye na zuba.

"Ya faɗa mini. Ya ce za ka yanka ta ƙarƙashin fata, kuma ba za ka iya yin shiru ba. Ya ce in gaya maka shi ma da shi ne, nan zai yanka."

Ta riƙe rabi, ta ba ni rabi.

A hanyar dawowa abokina mai tasi bai tsokane ni ba ko sau ɗaya, sai da muka hango gadar shiga New York ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji." Na ga yadda ake sallamar matattu a Abidjan da Tarabulus da Marseille, kowa da tasa hanyar, amma sai a tafiyar nan na gane cewa aboki yana iya sanin hannunka har ya faɗi abin da za ka yi bayan ba ya nan. Tsofaffin wasannina zan ci gaba da yi wa jikoki ranar salla. Sabo kuwa na daina koyo, domin wanda nake fara nuna wa ya tafi.