Tasi'u Mahauci da Mai Neman Asalin Shanu

A layin mahauta na kasuwar Talata Mafara, in ana gardama kan ƙashi da tsoka ka ji murya ɗaya ta danne saura, to Tasi'u ne. Mutumin Bakura ne. Ubansa ya kawo shi Mafara tun gemu bai tsiro masa ba, ya ɗora shi kan fawa. Ya yi tsire a bakin tasha, ya taɓa bin motar shanu zuwa kudu, ya dawo da tari da rantsuwar ba zai ƙara ba. Yanzu furfura ta cinye gemun, kuma babban cinikinsa shi ne naman da yake ba wani ɗan kwangila mai ciyar da ɗaliban wata makarantar kwana ta gwamnati.

Mutum ne mai surutu, amma akwai abu guda da ko matarsa ba ta ji a bakinsa: inda shanunsa ke fitowa. Wajen Ɗantani yake saye, wani makiyayi a bayan Damaga da suka saba tun suna samari. Ɓarayin daji sun taɓa kore wa Ɗantani rabin garke. Abin da ya rage yana lallaɓawa ne a ɓoye. In sunansa ya shiga bakin mutane, ko dai ɓarayin su dawo su kwashe sauran, ko 'yan sa-kai su zo su tambaye shi yadda aka yi nasa suka tsira. Tasi'u ya san duka biyun, ya kuma san waɗanda aka binne a kan kowanne.

Ran wata Laraba da hantsi, kasuwa ta watse tun jiya, yana wasa wuƙa, sai ga wata mata da jakar goyo ta tsaya gaban teburinsa. Ta yi sallama, ta gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi aiki da iyali da gajiyar kasuwa. Wannan ma bai kwanta masa ba. Mai sayen nama ba ya tsawaita gaisuwa haka.

"Baba, sunana Surayya. Ɗaliba ce ni a jami'a, bincike nike yi."

"Bincike," in ji Tasi'u, bai daina wasa wuƙar ba. "Mi ya ɓace?"

Ta yi dariya. Ta ce ba abin da ya ɓace. Karatunta kan yadda gwamnati ke sayen kayan makarantu da asibitoci ne, ko sayen yana amfanar mutanen wurin, ko yana ɓata ƙasa da kiwo, ko abu ne mai ɗorewa. Ta riga ta zauna da masu dafa abincin makarantar da ɗan kwangila, shi ne ma ya turo ta.

"Abin da nike so, Baba, in bi naman nan tun daga tukunya har garken da saniyar ta hito."

Hannun Tasi'u ya tsaya. A tsawon rayuwarsa mutum iri biyu ya sani masu son bin saniya har garkenta, kuma dukkansu da bindiga suke zuwa.

"Ɗiyar wa ce ke?"

"Malam Umar, mai gyaran injin ban ruwa, Bakura."

"To. Ki dawo gobe. Yau kaina na ciwo."

Tana juya baya ya zaro waya ya kira ƙanwarsa Taibatu, wadda ba a haihuwa ko a mutu a Bakura ba ta sani ba.

"Surayya ta Malam Umar?" in ji Taibatu, muryarta har mahaucin da ke gefe yana ji. "Haba Yaya! Da ni anka yi sunanta. Yarinyar da karatu ya ƙi ƙare mata, sa'o'inta duk da ɗiya huɗu-huɗu. Ita kake tsoro? Kai da wuƙa a hannu?"

"Ke dai Allah shi shirye ki. Ba ita nike tsoro ba. Wanda za ta kai wa maganar, shi kin san ubanai?"

Ya kashe wayar.

Washegari Surayya ta dawo. Ya ba ta benci, ya zauna ta inda zai ga hanya, ko akwai wanda ya biyo ta. Ta ajiye waya a kan gwiwarta, ta ce da izininsa za ta naɗi muryarsa. Sai ta ƙara da abin da take ganin zai kwantar masa da hankali.

"Kada ka damu, Baba. Ba wanda za shi san kai ne. Ƙa'idarmu ce, ba mu sa sunan kowa. Sai dai mu ce wani mahauci ya ce."

"Wani mahauci?"

"Awo."

Ya miƙe tsaye. A kara, kasuwar dabbobi inda ya yi rayuwarsa, ba a sayar da ko ɗan maraƙi sai wani mai suna ya tsaya a kansa, dillali ko mai masauki, wanda in magana ta taso gobe za a je ƙofar gidansa. Dabbar da aka kawo ba mai tsaya mata, kowa ya san irinta, ko kyauta aka ba shi ba ya yankawa. Ga shi yau an zo har teburinsa ana so a ɗauki maganarsa a tafi da ita haka nan.

"Ɗiyata, wa ya koya muku wanga aiki? Ku amshi magana ku goge mai ita? To in ta yi ɓarna wa za a kama? Ko ko ku ƙara mata abin da kuke so, tunda ba mai cewa ba haka ya hwaɗi ba?"

"Don kare ka ne, Baba."

"Ni na ce miki ina gudun wani? Layin nan mahauta nawa ke ba makaranta nama? In kin ce wani mahauci, har awakin kasuwa sun san Tasi'u ne. Ni ba ki ɓoye ni ba. Shi kuma wanda kike son in kai ki garkenai, kina cewa wani makiyayi a wuri kaza, kin gama da shi."

Surayya ta ɗauki wayarta ta miƙe. Ta ce bari ta kira malaminta. Ta koma gindin wata rumfa ta daɗe tana magana, Tasi'u na kallon bakinta daga nesa yana ƙoƙarin gane ko ta ambaci wani gari. Da ta dawo ta ce malamin ya yarda: sunansa zai fito tunda shi ya nema, makiyayin kuwa ba suna, ba gari, ba ko ƙaramar hukuma.

"Kunna abin naki," in ji shi. Ya gyara zama, ya matso da bakinsa kamar mai sanarwa a rediyo. "Ni ne Tasi'u ɗan Auwalu, mahauci, Talata Mahwara. Duk naman da ya shiga tukunyar makarantar nan ni na tsaya mai. Mai tambaya shi zo wajena."

Ya ba ta labarin kiba da rama, da yadda rani ke cinye shanu, da ciyawar da ake samu a gonakin madatsar ruwa ta Bakolori bayan an yanke shinkafa. Ya ce in gwamnati na son abu mai ɗorewa ta fara da barin makiyayi ya kwana da dabbarsa. Ta jarraba sau ɗaya, a hankali, ko garken na da nisa.

"Daga hannuna suke hitowa," ya ce. "Wuce ta gaba."

Da za ta tafi ya ƙunsa mata hanta a takarda, ya ce ta gaida Malam Umar. Ya bi mashin ɗin da ta hau da ido har ya sha kwana, ya lura da fuskar mai tuƙin.

Talatar da ta biyo baya bai aika Damaga ba. Ya shiga kara ya sayi wani sa ramamme da bai yi masa ba, abokan sana'a na ta yi masa tsiya wai ido ya fara mutuwa. Ya bar su suna dariya. Ta bakin wani mai kai gishiri ya aika wa Ɗantani cewa ya ɗan matsa da garken gaba, kada kuma ya nemi Tasi'u sai shi Tasi'un ya neme shi.