Ranar da Ɗanmalam ya ɓata a gandun da ya ce shi ya dasa

Sunansa na yanka Sulaimanu, amma a duk Garwa babu mai kiransa haka sai matarsa Kaltumi, ita ma sai in ya ɓata mata rai. Kowa Ɗanmalam ya sani. Kakansa bafatake ne da ya biyo hanyar Yola da kayan koli, ya sauka a bakin kogin Binuwai da niyyar kwana bakwai, ya yi aure ya manta da komawa. Ɗanmalam bai gaji fatauci ba. Gyaran agogo ya koya, ya kafa ɗan teburinsa a bakin babbar kasuwa tun farkon shekarun tamanin. Da aka karya darajar kuɗin sefa, mutane suka daina gyara agogo, sai dai su ɗaga kai su dubi rana. Daga baya wayar hannu ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Tebur dai yana nan, da benci, kuma da yake hannunsa ya rasa aiki, bakinsa ya karɓa.

Cikin labaran da yake bayarwa a bencin nan babu wanda ya kai na gandu. A bayan unguwarsu akwai wani gandun darbejiya da maɗaci, wanda aka sa 'yan makaranta suka dasa lokacin da ake yaƙi da gurgusowar hamada. Ɗanmalam yana cikin yaran. Gaskiyar maganar, itace uku aka ba shi, akuya ta cinye biyu tun kafin damina ta wuce. Amma labari yana girma da mai shi. A shekara ta 2009 ya kai inda yake cewa rabin gandun da hannunsa ya dasa, sauran rabin kuma shi ya nuna inda za a haƙa rami.

A wannan shekarar aka ji cewa hukumar gari tana son kewaye gandun, ta mai da shi wurin shan iska, da bencina da lilo da filin ƙwallo da ƙofa ɗaya tak. Unguwa ta rabu. Samari suna so, don sun gaji da buga ƙwallo a kan titi. Mata masu ɗibar busassun kirare ba sa so. Fulani makiyaya suka ce ta tsakiyarsa shanunsu ke bi zuwa kogi tun kafin a san za a yi itace a wurin. Jauro, wato mai unguwa, ya tara mutane a rumfar ƙofar gidansa bayan la'asar, aka gayyato ma'aikacin gandun daji, wani mutumin kudu mai sanyin magana da ake kira Célestin.

Célestin ya yi bayani a taƙaice, ya ce ana sare itatuwa, in ba a yi wani abu ba nan da shekara goma sai kututture. Wani makiyayi ya yi magana, wani saurayi ya yi. Sai Ɗanmalam ya miƙe ya gyara hula. Ya fara da Fulatanci don jauro, ya maimaita da Hausa don 'yan uwa, sannan ya sake maimaitawa da Faransancin da ya tsira da shi daga firamare, don kada baƙo ya tafi bai san da malami a unguwar ba. Ya ce gandu na kowa ne, ba a sa wa iska kwaɗo. Ya ce shi babu itace ɗaya a ciki da bai san ranar da aka dasa shi ba, kuma ko an ɗaure masa ido zai ratsa shi daga gabas zuwa yamma. Bai zauna ba sai da ladan ya kira magariba. Matan da suka zo da magana a bakinsu suka tashi da ita.

Kafin a watse, Célestin ya ce tunda Allah ya sa akwai wanda ya san wurin haka, ranar Asabar da safe Baba Ɗanmalam zai jagorance su, ya nuna hanyoyin da mutane ke bi, don a san inda ya kamata a bar ƙofofi. Aka yi tafi. Shi ma ya tafa.

A gida, Kaltumi tana zuba masa tuwo ta tambaye shi ba tare da ta ɗago kai ba: “Malam, yaushe rabonka da shiga gandun nan?”

Ya ce ai kullum yana wucewa ta gefensa.

“A bayan moto,” in ji ta, tana nufin babur.

Ya lissafa a zuci. Rabonsa da taka cikin gandun tun kafin ya aure ta, kuma babbar 'yarsu ta riga ta haihu biyu.

Asabar ta zo. Ya sa farar babbar riga da takalmin Juma'a, wai shugaba ba ya fita da kayan aiki. Mutum goma sha biyu suka biyo shi, Célestin riƙe da littafi da biro. A can baya akwai wata dattijuwa, Iya Lauratu, wadda ta shekara ashirin tana ɗibar kirare da ganyen magani a gandun tun rasuwar mijinta. Tana cikin waɗanda jawabinsa ya hana magana.

Ɗanmalam ya ce za su fara da rijiyar da suke ɗibar ruwan ban itace. Ya nufi inda yake tunawa. Amma itatuwan da ya bari iya gwiwa sun zama manya, kowanne kamar ɗan uwansa. Suka yi tafiya, ƙarangiya ta cika gindin rigarsa, wata ƙaya ta kama hannun rigar ta yage shi har gwiwar hannu. Yana tafe yana bayani, yana nuna wannan yana nuna wancan, zufa tana bin bayansa. Da suka iso wani jan suri ya ce alama ce, sun kusa. Bayan rabin awa suka sake isowa wani jan suri, ya ce gandun nan akwai yawan gara. A karo na uku wani saurayi ya sunkuya ya ɗauki ɓawon lemon da shi da kansa ya yar a wurin.

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Iya Lauratu ce ta matso a hankali.

“Ɗanmalam, rijiyar da kake nema ta rufta tun shekarar babban ruwa. Tana bayanmu. Mun wuce ta sau biyu.”

Ya buɗe baki zai kawo dalili, sai ya ga ba shi da ko ɗaya a cikin harsunan nan uku. Ya ce, “To Iya, shiga gaba.”

Ta shiga. Ta nuna musu burtalin shanu, da inuwar da 'yan lise, ɗaliban sakandare, ke zuwa karatu in jarrabawa ta matso, da kwarin da ruwa ke kwanciya a watan Agusta inda in aka sa benci sai kwaɗi su zauna. Ta nuna wasu tsofaffin kaburbura huɗu da babu su a takardar hukuma, daidai inda aka zana filin ƙwallo. Ta nuna gefen da ake sare ɗanyen itace, ta ce ba mata ba ne, masu tura kura ne da ke shigowa ta bakin titi. Célestin ya cika shafi biyar. Ɗanmalam yana baya, takalmi ɗaya a hannu saboda ya ji masa ciwo, ga kuma ɗaurin kiraren Iya da ya karɓa don ya samu abin yi.

Da suka tsaya hutawa a ƙarƙashin wani maɗaci, ya jingina ya ji wani sanyi da bai taɓa ji a bakin kasuwa ba. Tsuntsaye suna ta hayaniya a sama. Ya ji kunya, amma ya ji daɗin wurin fiye da kunyar.

A taro na biyu ya sake miƙewa, mutane suka gyara zama don doguwar tafiya. Ya ce itace uku ya dasa, biyu akuya ta ci, na ukun ma da ya nema bai gane shi ba. Ya ce a saurari Iya Lauratu, ya zauna. Jauro ya ce tun da yake sarauta bai taɓa jin jawabin Ɗanmalam da ya ƙare kafin shayi ya huce ba.

An daidaita a kan ƙofa uku, aka bar wa shanu hanyarsu, aka matsar da filin ƙwallo, aka ware wa mata Litinin da Alhamis don ɗibar kirare. Ba duka aka cika ba. An kawo benci shida, lilo bai zo ba har yau, wayar shinge kuma ta ƙare bayan an kewaye gefen titi kawai. An dai kafa ƙofar ƙarfe mai kyau a ɓangaren unguwa, aka danƙa wa Ɗanmalam makullinta, tunda shi ne ba shi da aikin da zai hana shi. Kowace safiya yakan je ya buɗe ta, da yamma ya rufe, duk da cewa dama da hagunta fili ne fetal, mutane da awaki suna wucewa ta gefe suna gaishe shi. Jikokinsa sukan raka shi ran Lahadi, su yi ta guje-guje a ciki, shi kuwa yana benci na farko, inda yake iya hango titi, gudun kada ya sake ɓata.