Saƙon Lahadi na Yaya Sule

Shekara tara ke nan cif da muka kai Yaya Sule makwancinsa. Ni ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tsohon soja ne ni, da igiya biyu na bar aiki, yanzu ina kula da lodin motoci a kasuwar 'ya'yan itace ta Zuba. Ban yi boko mai zurfi ba, saboda haka zan faɗi abin da ke raina bi da bi, yadda ya faru.

Yaya mai buga tafireta ne a wata ma'aikatar tarayya. A Legas ya fara, da aka kwaso ma'aikata zuwa Abuja aka kwaso da shi, ya kama ɗaki biyu a Durumi. Can Legas ya kamu da son tsofaffin waƙoƙin Turawa na zamanin garmaho, waɗanda namiji zai sassauta murya kamar mai lallashi, goge da ƙaho na biye da shi. Wasunsu daga wasannin dandali aka ciro su, inda Yaya ya ce mutum yana cikin magana sai kawai ya ɓarke da waƙa. Na ce masa a bariki duk wanda ya yi haka gadurum za a kai shi a kulle.

Akwai wata tashar rediyo a nan Abuja da ke sa waɗannan waƙoƙi ran Lahadi bayan La'asar. Masu sauraro sukan aika da waƙar da suke so da sunayen waɗanda suke gaisarwa. Yaya bai taɓa fashi ba. Da can kati ne, ya buga shi ran Alhamis, ya kai da ƙafarsa. Da wayar hannu ta zo, ya koma saƙon tes. Waƙa ɗaya yake nema kullum, kuma matarsa, Yaya Ladi, yake nema wa. Ni abin bai yi mini ba. Na sha gaya masa dattijo ba ya sa a kira sunan iyalinsa duniya tana ji. Sai ya yi dariya ya ce, "Kofur, kai dai ji da faretinka."

A asibiti, kwana biyu kafin cikawarsa, ya bar mini wasiyya uku. Ta farko a kan auren 'yarsa Rabi. Ta biyu a kan littattafansa na addini. Ta uku ya miƙo mini wata takarda, ya ce, "Saƙon Lahadi kada ya tsaya. Ga lambar, ga waƙar, ga sunayen." Alkawari kaya ne. Na ɗauka, ko da yake ya yi mini nauyi.

Da aka share makoki na buɗe takardar. Suna bakwai ne. Na Yaya Ladi a sama, sai limamin unguwa, sai mai unguwa, sai tsohon ogansa na ofis, sai abokansa uku. Na dube ta, na ga babu tsari. Ina aka taɓa sa mace gaban liman? Na ɗauka zafin ciwo ne ya sa ya birkita jerin. Sai na gyara: liman, mai unguwa, oga, abokai bisa shekarunsu, iyali a ƙarshe, yadda ake yi a kowane taro na mutunci. Kowace Lahadi da safe in tura, in mayar da waya aljihu. Shirin kam ba na saurara. Tura saƙo aka ce mini, ba jin kiɗa ba.

Haka na yi shekara ɗaya da wata huɗu, ina ganin na riƙe amana.

Wata Lahadi na kai wa Yaya Ladi buhun lemo a Abaji, inda ta koma wurin Rabi bayan ta fita takaba. Na tarar da ita a tsakar gida kan tabarma, ta ɗaura sabon kallabi, rediyo a gefenta. Ta ce in zauna in yi shiru. Aka zo kan saƙona. Mai gabatarwa ya kira liman, ya kira mai unguwa, ya kira oga, ya ce "da sauransu", ya saki waƙar.

Na ce, "Ai bai gama ba. Saura huɗu."

Ta ce, "Uku suke kira, Kofur. Tun zamanin kati uku suke kira. Me ka ɗauka ya sa yayanka yake fara da ni?"

"To, duk watannin nan…"

"Ni ce sauransu," in ji ta. Ta yi dariya, ta share ido da gefen kallabi. "Liman dai ya sha waƙar soyayya, Allah ya ba shi haƙuri."

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini. Ta ce, "In ce wa ƙanin miji me? A sa ni gaban liman?"

Rashin sani ya fi dare duhu. Na yi shekara ashirin ina duba jerin sojoji, amma ban gane jerin yayana ba. Lahadin da ta biyo na mayar da takardar yadda ya rubuta ta, ban canza ko waƙafi ba. Na kuma sayi ƙaramar rediyo, don in tabbatar an kira. Da farko da na ji sunan sai in kashe. Daga baya na ga rashin ladabi ne a katse mutum yana tsakiyar waƙa.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga yau. Ɗakunansa na Durumi rusau ya ci su. Mai gabatar da shirin ya yi ritaya, wata yarinya ce ke yi yanzu, wadda ko iyayenta ba a haifa ba lokacin da aka rera waƙoƙin. Rabi ta nuna wa uwarta cewa waƙar tana cikin waya, ta danna ta ji sau ɗari in ta so. Yaya Ladi ta ƙi. Ta ce abin da ka ɗebo da hannunka ba tsaraba ba ne. Ina jin da Yaya na nan, bayanta zai bi. Zai yi wa wayar kallo ɗaya ya koma jiran Lahadi.

Har yau ban san abin da waƙar take cewa ba, ban kuma nemi a fassara mini ba. Tsakaninsu ne.

Yaya bai bar gida ba, bai bar mota ba. Abokansa uku da ke takardar biyu sun bi shi, liman ma an yi sabo. Abin da ya rage nasa shi ne mace mai shekara saba'in da ke sanin ranar mako ta wurin gaisuwar mijinta, da tsohon soja da ya koyi a makare cewa babba a wurin jama'a daban, babba a wurin mutum daban. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta, ya yafe mini watanni goma sha shida.

Jiya Lahadi, waƙar na ƙarewa wayata ta yi ƙara. Yaya Ladi ce, ko sallama ba ta yi ba.

"Kofur," in ji ta, "an kira ni."