Neman Kyanwa Mai Barci a Kwano

Mun fito gari bai gama wayewa ba, ni da 'yata. Sati biyu ke nan da kai kawai take amsa mini, kuma laifina ne. Ina share ɗakinta na tsinci wata 'yar kyanwar roba da ba ta kai babban yatsa ba, tana barci a cikin kwano, na haɗa da shara. Ashe cikin kayan wasan Japan da take tarawa ce, ita ce cikon shida a jerin. Yau neman madadinta muka fito.

Daga unguwarmu Tompkinsville muka taka zuwa bakin ruwa, muka shiga jirgin ruwan nan da ba a biyan ko sisi. Ni da littattafan soyayya suka rena, na riga na tsara komai: iska na kaɗa gyalena, ta faɗo jikina tana kuka, mu yafi juna. Ita kuwa ta toshe kunnuwanta da waƙa, iskar ma saura kaɗan ta tafi da gyalen.

Da muka haye Manhattan, jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kai mu har kusa da shagon da ake sayar da irin kayan wasan. Injuna ne bango guda, kowanne cike da ƙwallayen roba. Ka saka kuɗi, ka murɗa, ƙwallo ya faɗo, abin da ke ciki shi ne rabonka. Ga 'yan tukwane, ga kifi sanye da hula. Kuɗin ƙwallo ɗaya zai sayi shayi da burodi, amma har da wani dattijo cikin kwat, yana murɗawa ido a rufe.

Sau uku muna murɗawa, duk kyanwa mai hamma ce ke fitowa. Sai jinin kasuwa ya motsa. Na ce wa mai shago ya buɗe injin in zaɓa, zan ɗora masa wani abu. Ya dinga sunkuyar da kai yana ba ni haƙuri.

"Mama, don Allah! Ba a yin haka!" in ji 'yata, da Hausarta mai tsami. Tsawa ce, amma ta fi mini zuma daɗi.

Dattijon nan ya matso, ya ce mai hamma yake nema tun bara. Ashe musaya al'adar masu tarawa ce. Ya zaro mai barci daga jakarsa, ya miƙa mata da hannu biyu, ita ma ta ba shi mai hamma ɗaya.

Muka ci dunƙulen shinkafa naɗe da baƙin ganye, tuwo dai ba miya.

A jirgin dawowa na ba ta labarin jeren mahaifiyata: kwanukan samira cike da kabad, ba a taɓa cin abinci a ciki ba, duk Asabar sai ta goge su. Ranar da na ɓare fentin wani murfi, kwana uku ba ta kalle ni ba.

"Ina suke yanzu?"

Na ce bayan rasuwarta 'yan uwa suka rabe su. Ban ɗauki ko ɗaya ba, na ce tarkace ne. Sai da na faɗa da bakina na gane sau biyu ke nan ina zubar da abin da wani ya so.

Da muka isa gida ta mayar da mai barci gurbinta, sannan ta danƙa mini ɗaya cikin masu hamma.

"Mama, ki fara naki jeren."

Kyanwar tana kan tagar kicin. Duk Asabar nake goge ta.