Ranar Da Aka Tambayi Jikata Ra'ayinta

Na ga abubuwa a yawon duniya, daga Kumasi har Umdurman, amma wanda ya ƙi fita daga raina a tsakar gidana na Malumfashi ya faru, a kan tabarma, lokacin girbin masara.

Ina da jika mace, a lokacin tana aji huɗu na firamare. Likitoci sun ce tana da abin da suke kira otizim. Mu dai abin da muka sani, ba ta son hayaniya, kuma magana a wurinta ko gaskiya ce ko ƙarya, babu tsakiya. Duk ranar da na ce mata amaryata, sai ta gyara mini cewa ita jikata ce. Lissafi kuwa ba a kama ta.

Ran nan bayan la'asar na tarar da ita ta dafe littafi tana kaɗa jiki gaba da baya. Uwarta ta ce ta ƙi cin abinci, kuma ta ce gobe ba za ta makaranta ba. Hankalina ya tashi, domin da ƙyar muka samu ta saba da ajin, in ta yanke zuwa, mayar da ita sai an sha wuya. Aikin gida ne aka ba su, tambaya ɗaya tak: a ganinki wane amfanin gona ne ya fi kyau, kuma me ya sa?

Na yi dariya. Ni da na yi ciniki da Larabci, na yi gardama da 'yan kwastan da Faransanci, wannan ce za ta gagare ni? Na ce ta rubuta duk wanda ta ga dama. Ta tambaye ni a wane shafi amsar take. Na ce ba ta cikin littafi, a ranta take.

"Ya fi kyau ga wa, Kaka? Ga mutum ko ga akuya?"

Ban gama lalubo amsa ba ta miƙe ta shiga bin mutanen gida. Ubanta ya ce masara, don ita ke tafiya a kasuwar Funtuwa. Uwarta ta ce wake. Mai kawo mana nono ta ce dawa, saboda karan shanu. Ta dawo idonta cike da hawaye, ta ce mutum uku amsa uku, ashe biyu ƙarya suka yi mata. Ta juyo kaina, ni wanne na fi so? Na ji bakina ya ce duk wanda Allah ya hore. A Abijan ka tambayi yaro abin da yake so, nan take zai faɗa maka, mu kuwa kunya ta horar da mu a kan cewa duk ɗaya ne.

Sai na tuna yadda dillalan hatsi ke yi. Ba sa tambayarka wane iri kake so, biyu suke zuba maka a tafin hannu. Na ɗauko masara guda da zangarniyar dawa na ajiye a gabanta. Hannunta ya tafi kan masarar, tana bin ƙwayoyin da yatsa. Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa dawar ba. Ta ce dawa a hargitse take, masara kuwa kowace ƙwaya tana layinta. Na ce to amsarki ke nan. Ta rubuta, ta ci tuwo, da safe ta tafi makaranta.

Ta dawo a fusace. Malama ta ba ta daidai, ta kuma ba abokiyar zamanta da ta rubuta gyaɗa daidai. Har yau ba ta yarda cewa ba a cuci ɗayarsu ba.

Ashe Hajiya, kakarta, tana kallon komai. Da ta kawo abincin rana sai ga kwano biyu, tuwon masara da na dawa.

"Alhaji, tun aurenmu nake jin kana cewa duk wanda ya samu. Yau hannu zai yi magana."

Hannuna ya tafi kan na dawa. Hajiya ta riƙe haɓa, domin na masara take tuƙa mini tun muna matasa.

Daga ranar na koyi cewa yaron da ya yi shiru a kan irin wannan tambaya ba ra'ayi ya rasa ba, tambayar ce ta yi masa faɗi. A rage masa ita, a sa masa abu biyu a gaba, a jira. Tsofaffi ma hakan yana yi musu aiki.