Sawu Huɗu a Ƙarƙashin Mangwaro

Ranar wata Laraba ce, kwana huɗu bayan ƙaramar sallah, ranar ƙarshe ta hutun makaranta, shekarar da nake aji huɗu a firamare, lokacin Yauri tana cikin Jihar Sakkwato. Ina durƙushe da hantsi ina juya ƙananan kifin da Inna ta shanya, sai na ji ihun yara daga bakin titi. Wata a-kori-kura ce ta shigo lungunmu a hankali, tana jan wata jar mota da igiya. Ban taɓa ganin irinta ba. Gajera ce kamar ta yi ruf da ciki, ƙofa biyu, kujera biyu, gabanta na dama a lotse, fitila ɗaya tana reto a jikin waya. Baba ne a ciki riƙe da sitiyari, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, yana ta dariya. Maƙwabcinmu Malam Na'Allah ya leƙo ta kan danga ya ce, "Garba, kwalekwalen tudu ka samo muna?"

Baba mai jirgin ruwa ne. Yana ɗaukar mutane da buhuna daga Yelwa zuwa Wara da ƙauyukan tsibirai, wani lokaci ya haura wajen Shanga, sai ya yi kwana huɗu ko biyar ba mu gan shi ba. Ni kaɗai na rayu cikin 'ya'yan Inna, ita kuma ba mai yawan magana ba ce, yini take a gaban murhun bandar kifi hayaƙi na cin idonta. Gidanmu shi ne na ƙarshe kafin gangare. Ni ke shara, ni ke ɗebo ruwa, ni ke korar kaji daga shanya. A makaranta ba ni da ƙawa ta sosai. Idan ana 'yar gala-gala ƙafata ta taɓa layi, ko ba wanda ya gani sai na faɗa, idan ta wata ta taɓa ma sai na faɗa, har suka sa min Alkaliya suka daina kirana. Duk ranar da hadari ya haɗu kuwa, bakin ruwa nake zuwa in tsaya ina duban kowane jirgi ko na Baba ne.

Motar ta ɗan wani attajiri ce, ya daki kwalbati da ita a hanyar Kontagora, Allah ya yi da sauran kwanansa. Dillali ya bar wa Baba ita mako guda ya duba. Shirin Baba shi ne ya sayar da jirgi ya saye ta, ya gyara, ya sayar wa masu son irinta a Sakkwato, ya buɗe gareji a Yelwa ya huta da ruwa. Inna ta dube ta sau ɗaya ta ce, "Ba wurin buhu, ba wurin baƙo. Wa za ta ciyar?" Baba ya haɗa batir ya tayar da ita. Ta yi wani gurnani da ya watsa kajinmu. Shi da ya yi shekaru yana kwance injin jirgi yana ɗaurawa, ya kasa kunne ya lumshe ido ya ce, "Inji shi ne rai, saura duk gwangwani ne."

Ban taɓa yin mako irin wannan ba. Ina dawowa daga makaranta zan tarar da ƙafafunsa sun leƙo daga ƙarƙashin mota. "Kulu, miƙo sifana." "Kulu, riƙe min nan." Ya koya min sunan lagireto da fulogi, ya tambaye ni sunan malaminmu, abin da bai taɓa yi ba. Da la'asar yakan sa ni a ɗaya kujerar, shi ya zauna a tasa, mu ci gyaɗa muna kallon danga, yana ba ni labarin garuruwan da za mu je. Hadari ya haɗu har sau biyu a makon, ban je bakin ruwa ba.

Ranar Asabar aka yi yayyafi, Baba da Malam Na'Allah suka tura motar daga ƙofar gida zuwa ƙarƙashin mangwaro, a miƙe, a kan wurin da na share da safe. Da suka shiga wanke hannu sai na ga sawunta a jiƙaƙƙen rairayi. Duk motar da na sani, in ta tafi a miƙe sawu biyu take bari, tayoyin baya suna taka na gaba. Wannan huɗu ta bari, na baya sun goce gefe. Ban san sunan ciwon ba, amma na san ciwo ne, na kuma san idan Baba ya gani zai iya fasa saye, ya koma ruwa. Na ɗauko tsintsiya na share sawun tas.

Kwana biyu ina ta juya abin a raina. Na ce wa kaina ai ba ni ke sayarwa ba, ba wanda ya tambaye ni, shiru ba ƙarya ba ne. Sai wata zuciyar ta ce, to tsintsiyar fa? Idan jirgi ya tafi, motar ta ƙi gyaruwa, me za mu ci? Idan ta gyaru ta kashe wanda ya saya, alhakin yana kan wa? Na yi alwala na sake, na sake, har Inna ta tambaye ni ko ruwan randa ya yi min laifi.

Ranar Talata mai sayen jirgi zai zo bayan azahar. Na tsaya kusa da ƙafafun Baba na daɗe, sannan na ce, "Baba, motar ga tahiyar ƙaguwa take yi." Ya jawo jikinsa waje ya ce, "Mi kika ce, ɗiyata?" Na faɗa masa duka, har da tsintsiyar, ina kuka. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauko igiyar taru, ya auna daga tayar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu ya ƙulla, sannan ya auna ɗaya kusurwar, kamar yadda ake wa sabon jirgi. Igiyar ta yi saura da faɗin tafin hannu. Ya zauna a ƙasa ya dubi ƙullin. Can ya ce, "Ƙarfen da ke ɗauke da ita ya murɗe. Da jirgi ne, nan zan fara dubawa. Kukan inji ya ruɗe ni." Aka ba mai sayen jirgi goro da haƙuri. Washegari a-kori-kura ta dawo ta ja jar motar, yara suka raka ta har titi.

Ranar Juma'a bayan an sauko, na ɗaukar wa Baba galan ɗin mai zuwa bakin ruwa. Ya dafa kaina ya ce, "Idonki ya fi nawa, Kulu." Ya tura jirgi ya ja igiyar inji. Na tsaya har ƙarar ta ɓace, na dawo na tarar da Inna a gaban banda, ta matsa min kujera.

Yanzu motocin da suka yi haɗari a tirela ake kawo su, samari suna zaɓa a waya, akwai masu injin miƙe ƙarfe a manyan garuruwa. Kwanan baya ɗana ya nuna min hoton wata ya ce, "Inna, in saya?" Na ce ya sa a auna ƙasanta tukuna, ya yi dariya yana mamakin inda na san wannan. Ban ba shi labarin ba. Baba ya ƙara shekara goma sha wani abu a kan ruwa, bai sake yin mako guda cur a gida ba sai da ciwon ajali ya kwantar da shi, lokacin ina gidan aure a Shanga. Har yau nakan auna abin, ban ga inda na yi kuskure ba, ban kuma daina jin ciwonsa ba. Gaskiyar da na faɗa ta tsare mana jirgi, jirgin kuma ya ci gaba da ɗauke min Baba.