Hancin Furera

A kasuwar Tudun Wada, a layin masu man shanu, akwai wata dattijuwa siririya mai shuɗin mayafi, ana ce mata Furera, tana sarin mai daga hannun matan ruga ta sayar. Ba ta taɓa ƙwaryar kowa sai ta kwance bakin zaninta, ta ciro 'yar kwalbar magani, ta fesa a hanci, ta ja numfashi a hankali kamar mai lasar zuma.

Maƙwabciyarta ta ce tsiro ne ya toshe mata hanci shekaru, har aka yi mata aiki a Kano. Likita ya ja mata kunne: in ta bar feshin da wanke hanci da ruwan gishiri, tsiron na iya dawowa. Kafin aikin, lokacin ba ta jin wari, wa ya san sau nawa aka liƙa mata lalataccen mai, masu saye suka guje ta?

Ga wata tsararta daga ruga ta sauke ƙwaryar mai a gabanta. Furera ta ɗaga faifai, ta sunkuya, ta yamutsa fuska.

"Haba Asabe, wannan ai na makon jiya ne! Je ki gaya musu a ruga, hancin Furera ya dawo."

Layin duk ya ɗauki dariya, muryar Furera ta fi ta kowa.